Yawur mai ƙarin folat: zai iya tsayawa a madadin maganin awon ciki?

"Assalamu alaikum Malam, ina wuni. Ni mai sana'ar yawur ce nan Maradi unguwar Zariya, ina yin kamar lita 40 kowace rana ina ɗaurawa a leda yara na kai min kasuwa da ƙofar lakwal. Ƙanwata ta haihu watannin baya, ɗiyar ta zo da wani ƙullutu a gadon baya, likita ya ce yana da alaƙa da rashin wani sinadari wai shi folat tun farkon ciki. To kwanan nan wurin wani horo da anka yi muna wani ya ce akwai bakteriya da ake sa ma yawur su ƙara mishi wanga sinadari. Gaskiya ne? Ina zan same su? Kuma in na yi, zan iya ce ma mata masu ciki su sha shi maimakon ƙwayar nan ta asibiti da ke sa su tashin zuciya? Don wallahi da yawa amsa kawai suke yi su aje ƙarƙashin katifa."

Wa alaikumus salam Hajiya, lahiya lau. Kafin komi dai Allah ya ba ɗiyar nan lahiya, ya ba uwarta juriya, kuma don Allah ki gaya mata kar ta riƙa ɗora ma kanta laifi, wanga abu na faruwa ne tun kafin mace ta ma san tana da ciki, kuma ba rashin folat kaɗai ke kawo shi ba, akwai gado, akwai ciwon suga, akwai wasu magungunan farfaɗiya. Sai dai folat shi ne wanda ke hannunmu, shi ya sa likitoci ke yawan maganarshi.

In na fahimce ki da kyau tambayarki uku ce cikin ɗaya: ko da gaske ne bakteriya na ƙara folat cikin yawur, yadda za ki yi naki ya samu, sannan ko zai iya tsayawa a madadin maganin asibiti. Ta farko e, mutumin nan bai yi maku ƙarya ba. Ta biyu akwai abin da za ki iya gyarawa da kayan da ke gabanki yanzu. Ta ukun kuwa a'a, kuma a'ar nan ina so ki riƙe ta hannu bibbiyu, zan kawo maki lissafin ki gani da idonki. Aikina ke nan shekara da shekaru, sarrafa madara da horar da ƙungiyoyin mata, na kuma san yadda magana ke tashi daga wurin horo tana ƴar ƙarama, kafin ta kai kasuwa ta zama magani.

Mi ne ne folat ɗin ma?

Bitamin ne, shi ake ce ma B9. Jikin ɗan adam ba ya iya haɗa shi da kanshi sai dai ya samu daga abinci, kuma duk inda jiki ke ƙera sabon nama da sauri to can aka fi buƙatarshi, wato ɓargon da ke yin jini, da kuma tayin da ke ciki. Wata likita Baturiyar Ingila mai suna Lucy Wills ita ta fara gano bakin zaren a 1931 a birnin Bombay na Indiya, ta ga mata masu ciki na fama da wani irin ƙarancin jini wanda maganin ƙarfe ba ya warkarwa, da ta ba su wani abu da ake tatsowa daga yis sai sunka miƙe. A 1941 anka ciro sinadarin daga ganyen alayyafon Turawa, sunan ma daga kalmar ganye ya fito a harshen Latin. Ki lura tun farkon labarin, yis da ganye, wato ƙananan halittu da tsirrai su ne masu ƙera shi, mu masu ci ne kawai.

Abin da ya samu ɗiyar ƙanwarki kuma ga yadda yake. A makonnin farko na ciki, abin da zai zama ƙwaƙwalwa da lakar baya yana farawa ne a shimfiɗe, sai ya naɗe ya haɗe baki kamar yadda tela ke haɗa hannun riga ya ɗinke, kuma ɗinkin nan na ƙarewa ne wajen kwana 28 da shigar ciki. In wani wuri bai rufe ba shi ne ake haihuwar yaro da buɗaɗɗen baya ko ƙullutu. Kwana 28 fa Hajiya, lokacin mace ma tana cikin ƙirga ko al'ada ce ta yi jinkiri, matanmu kuma da yawa ba su zuwa awon farko sai ciki ya kai wata huɗu ko biyar. Ba a fafe gora ranar tafiya, folat ɗin da zai hana wanga matsala sai ya kasance cikin jiki tun kafin cikin ya shiga. Wani babban bincike da hukumar binciken likitanci ta Ingila ta fitar a 1991 ya nuna matan da sunka taɓa haihuwar irin yaran nan, in an ba su folik asid, wato folat na ƙwaya, tun kafin sabon ciki, haɗarin maimaituwa na raguwa da kusan kashi 70 cikin ɗari. Shi ya sa Amurka ta tilasta zuba shi cikin garin alkama tun 1998, mu ma nan ƙasashen UEMOA, wato ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa, akwai ƙa'idar sa ƙarfe da folik asid cikin fulawa, sai dai mu abincinmu hatsi ne, tuwo da hura da kunu, mace ta ƙauye nawa take cin burodi a mako?

Folik asid shi ne wanda ake haɗawa a masana'anta, shi ke cikin ƙwayar asibiti, folat kuma shi ne na cikin abinci. Ana auna su da mikrogiram, wato giram ɗaya a raba shi gida miliyan. Babban mutum na buƙatar mikrogiram 400 a rana, mai shayarwa 500, mai ciki 600. Ki aje lambobin nan za mu dawo kansu.

Mai kawowa da mai cinyewa

Yawur na ainihi bakteriya iri biyu ke yin shi. Zan rubuta maki sunayensu yadda suke a jikin takardar iri don ki iya gane su in kin gani: Streptococcus thermophilus da Lactobacillus bulgaricus. Na biyun wani ɗalibin likitanci ɗan ƙasar Bulgeriya, Stamen Grigorov, ya gano shi a 1905, shi ya sa yake ɗauke da sunan ƙasarsu. Su biyun nan zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka suke yi cikin madara. Na farkon, wato Tamofilus, shi ke fara aiki, yana girma da sauri a awannin farko, yana cinye iskar da ke ciki yana fitar da abubuwan da ɗan uwanshi ke so, Bulgarikus kuma yana farfasa furotin ɗin madara ya ba Tamofilus abin ci, kuma shi ke kawo tsami mai ƙarfi da ƙamshin nan na yawur. To cikin abubuwan da Tamofilus ke ƙerawa har da folat, kuma galibin dangin Bulgarikus ba su iya ƙera shi ba, na wanda ɗan uwansu ya yi suke ci. Wato cikin robarki ta lita 40 kowane dare akwai mai kawowa akwai mai cinyewa, abin da ya rage bayan sun gama shi ne ke shiga cikin leda.

An auna abin nan ba zato ba ne. Wasu masu bincike a Ostareliya sun wallafa a 2003 cewa Tamofilus shi kaɗai ya ɗaga folat ɗin madarar da anka cire ma mai daga kusan mikrogiram 11 a kilo zuwa tsakanin 40 da 50, da sunka haɗa shi da wani mai suna Bifidobacterium animalis kuma sai ya ninka har sau shida, amma yawancin dangin Laktobasilus, wato dangin su Bulgarikus, da sunka gwada rage shi sunka yi. A ƙasar Ajantina kuma akwai wata cibiyar bincike mai suna CERELA a garin Tukuman, su sun bi yawur ɗin gargajiya na ƙasarsu suna tsamo bakteriya ɗaya bayan ɗaya suna gwadawa, har sunka dace da wasu ƴan Bulgarikus ƙalilan da ke ƙera folat maimakon su cinye, sunka haɗa su da zaɓaɓɓun Tamofilus, a 2013 sunka fitar da yawur mai kusan mikrogiram 180 a lita, kuma ya riƙe shi har mako huɗu cikin firigo. Madarar saniya da kanta tana da wajen 50 a lita, kin ga an samu ƙari na gaske.

Amma ga inda mutane ke ruɗewa, kuma ina jin nan ne maganar mai horon ku ta tsaya rabi. Kalmar furobiyotik, da ake kiran bakteriya masu amfani da ita, ba ta nufin mai ƙera folat. Ma'anar da hukumar abinci ta duniya FAO da hukumar lahiya ta duniya OMS sunka ba ta a 2001 ita ce rayayyun ƙananan halittu da in an sha su da isasshen yawa suna amfanar lahiya, shi ke nan, galibi ma maganar hanji ake yi da gudawa. Wani furobiyotik ɗin na ƙera folat, wani kuma ɓarawonshi ne. Misali dangin da ake ce ma Lactobacillus rhamnosus, akwai ɗaya daga cikinsu da ba ya iya girma sam in babu folat, har ma shi muke amfani da shi a labo wajen awo: a sa shi cikin kwalabe da ruwan abincin da ake son aunawa, gwargwadon yadda ruwan ya yi gauri da yawanshi gwargwadon folat ɗin da ke ciki. Akwai wani shiri mai kyau a Yuganda mai suna Yoba da ke ba ƙananan masu sana'a irinki ƴar takardar iri ta giram ɗaya da ke yin lita 100, akwai rhamnosus a ciki, abu ne mai amfani amma don lahiyar ciki anka yi shi ba don folat ba. Kuma ko cikin dangi ɗaya ba duka ke yi ba, kamar dai wake ne, duk sunanshi wake amma wani iri na kwana 60 ne wani sai ƙarshen damina. Shi ya sa masu bincike ke sa ma kowane lamba bayan suna. Irin na Ajantina da na faɗa maki na ɗakin bincike ne, ba abin da za ki shiga shago ki ce a ba ki ba ne.

Yanzu lissafin

Mu ɗauka kin dace da iri mafi kyau, yawur ɗinki ya kai 180 ɗin nan a lita. Ledarki in ta kai rubu'in lita tana ɗauke da mikrogiram 45. Mai ciki na son 600. Sai ta sha leda 13 da ɗoriya, sama da lita uku kowace rana, kafin ta cika. In kuma ƙwayar asibiti kike son ki maye, abin ya fi haka, don folik asid na ƙwaya ya fi shiga jiki a kan folat na abinci, mikrogiram 400 da ke cikin ƙwayar in an sha da abinci daidai yake da wajen 680 na abinci, wato kusan lita huɗu na yawur mafi kyau da masana sunka iya yi. Wace mace za ta sha lita huɗu kullum, kuma da wane kuɗi, ki ƙirga leda 15 ko da a dala ishirin ishirin ne. Sannan ƙwayar da ake ba su a awo ba folik asid kaɗai ba ce, akwai ƙarfe a ciki, OMS ta ce miligiram 30 zuwa 60 kowace rana, madara kuwa kusan babu ƙarfe a cikinta. Macen da ta bar ƙwaya ta koma yawur ta yi asara biyu, kuma ƙarancin jini wurin haihuwa kin san abin da yake yi ma mata a ƙasar nan ba sai na gaya maki ba.

Wanga ne ya sa na ce ki riƙe a'ar nan da kyau. Ke mata sun yarda da ke, suna sayen abinki shekara da shekaru, ran da kinka ce masu wanga ya isa sun samu hujjar da suke nema ta barin magani.

Ga abin da ya fi ba ni mamaki ma duk lokacin da na yi wanga lissafi gaban mata: dafaffen wake giram 100, cikin ɗan ƙaramin kofi ke nan, yana da wajen mikrogiram 200. Kofi ɗaya na wake ya kai lita guda ta yawur ɗin Ajantina, mu kuma Nijar muna cikin manyan masu noman wake a duniya, Najeriya kaɗai ke gabanmu, muna loda shi a manyan motoci yana tsallaka iyaka ta Ɗan Isa. Ɗanyar gyaɗa na da wajen 240 a giram 100. Ga alayyafo, ga kuɓewa, ga zogalen Jiratawa, ga hanta, duk da ita mai ciki ba a so ta yawaita ta saboda bitamin A ɗinta ya yi yawa. Matsalarmu wajen dahuwa take, folat na narkewa cikin ruwa kuma doguwar wuta na kashe shi, sai a tafasa ganye har ya canja kala a tsiyaye ruwan a zubar a matse a yi kwaɗo, rabin amfanin ya bi rariya. Waken da anka dafa da ruwa daidai har ya tsotse ya fi wanda anka tsiyaye.

Abin da za ki iya gyarawa a robarki

Duk da haka ban ce ki watsar da maganar ba, da babu gara ba daɗi, yara ɗari nawa ke shan ledarki a rana, in kowace leda ta ƙaru da ɗan abu ai an samu. Dabarar duka guda ce, ki ba mai kawowa dama ki taƙaita ma mai cinyewa lokaci.

Fara da iri, abin da wasu masu sana'a ke ce ma ferma. Na san yadda akasarinku ke yi, a rage ludayi biyu daga na jiya a zuba ma na yau, gobe ma haka, har wata ya zagayo. Na sha gani wurin ƙungiyoyin da nake bi, makon farko yawur na fitowa da kauri da ɗanɗano mai laushi, kafin mako na biyu ya ƙare ya koma tsami mai kama haƙori yana tsatsafo da ruwa, sai a yi ta ƙara sukari ana zargin madarar gari. Ba madara ba ce, Bulgarikus ne ya rinjayi ɗan uwanshi, don shi ya fi jure tsami, duk kwanan da iri ya yi cikin zafi Tamofilus na mutuwa shi yana ƙaruwa, ga kuma baƙin bakteriya da ke shigowa daga ludayi da hannu da ƙuda. Ni shawarar da nake ba mata kar a juya iri fiye da sau biyu ko uku, a koma sabo. In za ki iya samun busasshen iri na takarda wurin masu sayar da kayan yawur, ko ki ba masu zuwa Yamai ko Kano saƙo, ya fi, ki aje shi cikin wurin ƙanƙara, ki kuma karanta jikinshi. Wanda anka rubuta thermophilus tare da Bifidobacterium shi ya fi kusa da abin da kike nema. Akwai wani haɗi da ake rubuta ma ABT, babu Bulgarikus a cikinshi sam, yawur ɗinshi ba ya tsami sosai, sai dai shi Bifido ɗan gata ne, ba ya son iska ba ya son tsami mai yawa, in kina kaɗa yawur da ƙarfi kina barin shi a buɗe mutuwa zai yi.

Sai zafi da lokaci. Ki sayi ma'aunin zafi don Allah, bai kai kuɗin robar madara ɗaya da za ta lalace maki ba, gwaji da yatsa na yaudara kuma yana sa datti. A ɗora madara ta kai digiri 85 zuwa 90 a riƙe ta ƴan mintoci a rufe, a sauke. Wanga mataki ba a tsallake shi ko don folat ko don komi, musamman in madarar shanu ce ta rugga, akwai tarin fuka na shanu da ciwon bakkale da ke bin ɗanyar madara, kuma mai ciki ita ta fi shiga haɗari. Abin da ba a so shi ne a bar ta tana ta tafarfasa ana hira, ko a dafa a sake dafawa, nan ne folat ɗin asali ke tafiya. In ta huce ta sauko 42 ko 43 sai a zuba iri. In kin zuba da zafi ya haura 45 kin ba Bulgarikus gida. Awa huɗu zuwa shida ya kamata ya kama, da ya kama kuma a kai shi sanyi nan take. Wanga wurin ne na san muke shan wahala a Maradi, a haɗa da magariba a bar shi har asuba, cikin watan Afrilu da Mayu da ɗaki da kanshi ke kai digiri 40, wato wajen awa goma mai cinyewa na kiwo. In da hali ki juya lokacin, ki haɗa da sassafe ki ɗaure da azahar, ko ki haɗa da la'asar ki sa a firigo kafin ki kwanta. In wuta ta ɗauke, ƙanƙara cikin kula ta fi babu, don ko bayan an ɗaure leda aikin tsami bai tsaya ba sai sanyi ya kai wajen digiri 4 ko 5.

Rana ma ɓarauniya ce. Haske na lalata folat, kuma leda fara ce, yaro ya ɗora ta a faranti yana yawo da ita tsakar rana ƙofar lakwal. Kula mai murfi, ko aƙalla a rufe da tsumma mai kauri.

Wani abu kuma da ya taɓa faruwa da mu, wata ƙungiya ta kira ni wai an yi masu asiri, kwana uku a jere madara ta ƙi kamawa, iri sabo ne, zafi daidai. Da munka bi sawu sai munka tarar ɗaya daga cikin masu kawo madara ya yi ma saniyarshi allura yana kuma ci gaba da tatsa yana haɗawa da ta sauran. Maganin kashe ƙwayoyin cuta bai san na kirki da na banza ba, Tamofilus kuma yana cikin masu saurin jin shi. Abin sha'awa ma, magungunan nan dangin sulfa yadda suke kashe bakteriya shi ne su toshe mata hanyar ƙera folat ɗin nan da muke magana. In kina amsar madarar shanu ki riƙa tambaya, akwai kwanakin jira da ake rubutawa jikin kwalbar maganin.

Nonon gargajiya na ƙwarya kuma, wanda ake dama hura da shi, shi ba iri biyu ke cikinshi ba, taron jama'a ne, akwai dangin Laktokokus da Laktobasilus kala-kala har da yis, kuma cikin irin waɗannan akwai masu ƙera folat. Ni burina ke nan da na daɗe ina faɗa ma ɗalibai, abin da mutanen Ajantina sunka yi da yawur ɗin ƙauyukansu babu abin da zai hana a yi shi da nonon Dakoro da na Gidan Rumji a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, a tsamo namu da sunka saba da zafinmu a gwada su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fito da iri guda mai kyau ya raba ma mata irinku ya yi aikin da ya fi takardar digiri.

Tunda muna Maradi dole in taɓo jar akuya. Muna alfahari da ita kuma ta cancanta, madararta ta rayar da marayu da yawa, amma madarar akuya folat ɗinta kaɗan ne ƙwarai, wajen mikrogiram 10 a lita inda ta saniya ke da 50. Likitocin yara sun daɗe da sanin wani ƙarancin jini da ke kama jaririn da anka shayar da madarar akuya zalla. In kin san gidan da uwa ta rasu ko nononta ya ƙafe ana ba jinjiri ta akuya kaɗai, ki ce su kai shi asibiti a duba a ba su shawara. In kuma yawur za a yi da ita, nan ne ma iri mai kyau ya fi amfani tunda daga ƙasa ake tasowa.

Abu biyu kar ki yi. Kar ki daka ƙwayar folik asid ki zuba cikin roba, na taɓa jin wata ta kawo shawarar, abin da ake aunawa da mikrogiram ba a auna shi da cokali, wata leda za ta ɗebi da yawa wata babu, kuma yawanshi na iya ɓoye ƙarancin bitamin B12 har jijiyoyi su taɓu ba a sani ba. Kuma kar ki buga ma ledarki rubutu wai mai ƙarin folat ko na mata masu ciki. Folat ba ya da ɗanɗano ba ya da kala, ni kaina da nake aikin nan in kin miƙo min kofi biyu ba zan iya ce maki wanga ya fi wancan ba sai an kai labo, duk abin da na gaya maki na ƙara damar a samu ne, ban auna naki ba. Ki ce yawur ne mai tsabta da iri mai kyau, wannan gaskiya ce kuma ta isa talla.

Matan da ke aje magani ƙarƙashin katifa

Nan ne nake ganin za ki fi yin amfani fiye da duk abin da robarki za ta yi. Tashin zuciyar nan da baƙin bayan gida da suke kuka da shi ƙarfen ne ke kawo shi ba folik asid ba, kuma baƙin bayan gidan ba cuta ba ne. Da yawa in sun koma shan ta da dare bayan tuwo abin na sauƙi. Kar a haɗa ta da shayi, kar kuma a kora ta da yawur ko hura da nono a lokaci ɗaya, don sinadarin ƙashi da ke cikin madara na rage shigar ƙarfe jiki, a raba su da kamar awa biyu. Wadda abin ya ƙi mata duk da haka ta koma ta gaya ma ungozomar asibiti maimakon ta yi shiru. Ke kina shiga gidajen suna da na biki, kina ganin amare tun kafin su yi ciki, in kinka ce masu su fara neman folik asid tun yanzu za su ji maki fiye da yadda za su ji ma rediyo.

Ƙanwarki kuma maganarta daban ce, ni kuma ba likita ba ne, aikina madara, don haka iyakata in nuna maku ƙofa. Macen da ta taɓa haihuwar yaro mai wanga matsala ba mikrogiram 400 ake ba ta ba, ana ba ta miligiram 4 zuwa 5 a rana, wato mikrogiram 4000 zuwa 5000, ninki goma ke nan ko fiye, a fara tun kafin ta sake ɗaukar ciki har watanni ukun farko su wuce. Likita ne zai rubuta mata ya kuma faɗi ranar tsayawa, don babban awon nan ba a haɗa shi da Fansidar da ake ba masu ciki na rigakafin zazzaɓin sauro, yana rage mishi ƙarfi, ƙaramin na 400 kuwa babu matsala. Ki raka ta da kanki tun yanzu da take shayarwa, ku tafi da mijinta in zai yiwu don ya ji da kunnenshi, ku tambayi likitan yaushe ya kamata ta fara.

In kin samo takardar irin, ki ɗauki hotonta gaba da baya ki turo min in duba sunayen da ke jiki kafin ki zuba kuɗinki a kai da yawa, ki kuma gaya min ƙarfe nawa kike haɗawa da ƙarfe nawa yake shiga firigo.